Kwas ɗin haɗa manhaja na wata shida: in sayar da bijimai in biya wa yaro?

Jama'a na kasuwa da na ruga, daga nan Gadarif har Doka da Galabat, da 'yan uwanmu na tsallake a Matama, da waɗanda ke kiwo can wajen Butana. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na daren Laraba. Mun buga shi ne saboda waɗanda shirin ya same su a kan hanya, da waɗanda suka ce a rubuta musu domin su nuna wa 'ya'yansu.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne makiyayi ya bugo mana waya daga wajen Shuwak. Yana da ɗa wanda ya gama sakandare, kuma kun san yadda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da karatun yara, har jarrabawar shahada ta wannan shekarar ba a samu yin ta ba sai a Disambar 2024. Yaron yana zaune, sai ya ga talla a Facebook. Wai a wata shida za a mai da shi injiniyan manhaja, ya riƙa yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakinsa, ana biyan sa da dala. Kuɗin kwas ɗin da na kwamfuta, in aka haɗa, sai an kai bijimai biyu kasuwa. Baba yana tambaya, ya sayar ko kada ya sayar?

Amsar da muka ba shi a taƙaice ita ce: Baba, kada ka sayar tukuna. Akwai hanyar gwada yaron wata uku ba tare da ka biya kowa kuɗin makaranta ba. In ya ci wannan gwajin, sai a zauna a yi maganar kuɗi. To amma tun da ba shi kaɗai ba ne ke da irin wannan tambayar, bari mu bi ta daki-daki.

Mene ne aikin ma tukuna?

Kai ɗan kasuwa, duk lokacin da ka tura kuɗi ta Bankak, manhaja ce ka yi amfani da ita. Wasu mutane ne suka zauna suka rubuta wa na'ura umarni layi-layi: in mutum ya sa lambar sirri daidai a buɗe masa, in kuɗin da ke asusunsa bai kai ba a ƙi, in shebka ta yanke ana tsakiyar turawa kada a cire masa sau biyu. Rubuta irin wannan umarni shi ne haɗa manhaja, yara kuma suna ce masa kodin. Ana rubuta shi da harsuna na musamman, irin su Python da JavaScript.

Ka ɗauki littafin lissafinka na riɗi. Kintar nawa ka saya, nawa ne farashi, nawa kuɗin lori, nawa la'adar dillali, nawa haraji, sannan in za ka tsallaka da kaya ka juya fam zuwa bir. Yaronka na shago in ka manta ka faɗa masa wani abu, zai yi amfani da hankalinsa ya cike. Kwamfuta ba ta cikewa. Abin da aka rubuta mata shi kaɗai take yi, in aka bar waƙafi ɗaya sai ta tsaya cik. Shi ya sa yawancin lokacin mai wannan sana'a ba a rubutu yake tafiya ba, a neman inda kuskure ya ɓuya yake tafiya. Mutum zai iya kwana biyu yana bin sawun kuskure guda, kamar mai cigiyar maraƙi. Wanda ba shi da wannan haƙurin, ko wace makaranta aka kai shi, wahala zai sha.

Daga ina kwas ɗin gaggawa ya fito?

Jami'a tana ɗaukar shekara huɗu ko biyar. Wajen 2012, a Amurka, kamfanoni suna neman masu haɗa manhaja ido rufe, jami'o'i kuma ba su yaye isassu ba. Sai wasu suka ce, me zai hana a tara mutane wata uku, safe zuwa dare, a koya musu abin da aiki ke buƙata kawai? Suka sa masa suna butkam, wato irin sansanin horar da kuratan soja. Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne Dev Bootcamp, wanda aka buɗe a San Faransisko a 2012. Kuɗin irin waɗannan makarantu a can yakan wuce dala 10,000.

Gaskiya, a waɗancan shekarun mutane da yawa sun samu aiki ta wannan hanyar, ba ƙarya ba ne. Amma ka saurari yadda labarin ya ci gaba. Dev Bootcamp ɗin nan ya rufe a 2017. Wata makaranta mai suna Lambda School, wadda daga baya ta koma BloomTech, ta zo da tsarin da ya ja hankalin talakawa: kada ka biya komai yanzu, in ka samu aiki sai ka riƙa ba mu kashi 17 cikin 100 na albashinka har shekara biyu. A Afrilun 2024 hukumar kare masu cin bashi ta Amurka ta ci tarar makarantar da shugabanta. Hukumar ta ce suna tallar cewa har kashi 86 cikin 100 na ɗalibansu na samun aiki, alhali lissafinsu na cikin gida yana nuna kusan kashi 50, wani lokacin ma 30. Ka ga wannan a ƙasar da ke da hukumar da za ta bi wa ɗalibi haƙƙinsa ke nan. Kai in mai talla a Facebook ya karɓi kuɗin bijiminka ya kashe waya, wa za ka kai wa ƙara?

Mu dawo Afirka. A 2014 aka kafa Andela a Legas. A lokacin su ba sa karɓar kuɗi ma, su ke biyan ɗalibi yana koyo, sannan su haɗa shi da kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar mai kamfanin Facebook da matarsa ta jagoranci zuba musu dala miliyan 24. Amma a Satumbar 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta ce kasuwa ƙwararru take nema, masu shekaru a kan aiki, sababbin shiga sun yi yawa.

Daga nan abubuwa biyu suka ƙara ƙuntata ƙofar. Na farko, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 manyan kamfanonin suka rage ma'aikata: Meta 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Waɗannan ƙwararru suka dawo kasuwa suna neman aiki tare da sababbi. Na biyu, a Nuwambar 2022 aka fito da ChatGPT, sai ga ƙirƙirarriyar basira tana rubuta ƙananan manhajoji cikin daƙiƙoƙi, irin aikin da a da ake ba wa sabon shiga ya koyi hannu da shi. Sana'ar ba ta mutu ba, har gobe ana neman wanda ya iya. Abin da ya ragu shi ne sauƙin shiga da ilimin wata uku. Tallar da ɗan Baba ya gani tana ba da labarin kasuwar 2015 ne, kasuwar kuwa ta tashi daga nan.

Mu ƙirga awoyi

Ku 'yan kasuwa ba ku sayen buhu sai kun ɗora a sikeli, to shi ma kwas a ɗora shi. Butkam na asali, mako 12 ne, kwana shida a mako, awa goma a rana. Awa 720 ke nan. Shirin ALX na injiniyan manhaja, wanda matasan Afirka da yawa suka shiga da tallafin gidauniyar Mastercard, wata 12 ne a lokacin, kuma sun ce ɗalibi ya ware awa 70 a mako, wato sama da awa 3,000. To kwas ɗin da ake yi awa biyu, sau uku a mako, har wata shida fa? Awa 156 ne kacal. Sunan ɗaya ne, amma nauyin ba ɗaya ba. Awa 156 za ta iya nuna wa yaro ƙofa, ya iya haɗa ɗan shafin intanet. Ba za ta mai da shi injiniyan da kamfanin Dubai ko Jamus zai ɗauka ba. Duk wanda ya ce maka za ta yi, ka riƙe igiyar bijiminka da kyau.

Abubuwa huɗu da talla ba ta faɗa

Na ɗaya, wuta. Wannan karatu ba a yin sa da waya kaɗai, ana buƙatar kwamfutar cinya da wutar da za ta riƙe ta awoyi a kowace rana. A gari ma kun san yadda lantarki ke zuwa yana tafiya, balle a ruga. Sai an haɗa da sola da batir, wannan kuma wani kuɗin ne da ba ya cikin lissafin mai talla.

Na biyu, shebka. Ba mu manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka rasa yadda za su tura ko sisi ta Bankak. Ɗalibin da ya biya kwas na kai tsaye, in aka yanke mako biyu, ajin ba zai jira shi ba. Saboda haka a tambaya tun farko, ana iya sauke darussan a ajiye a kalla daga baya?

Na uku, Turanci. Ana iya fara koyo da Larabci, kuma akwai malamai masu kyau. Amma kalmomin harsunan manhaja na Turanci ne, saƙon da kwamfuta ke bayarwa in an yi kuskure na Turanci ne, littattafan bayani na Turanci ne, kuma mai ɗaukar aiki daga waje da Turanci zai yi wa yaro tambayoyi. Yaron da Turancinsa bai yi ƙwari ba, ya haɗa koyon biyun tare tun ranar farko.

Na huɗu, hanyar da dalar za ta bi ta iso. Amurka ta ɗage takunkumin kasuwanci a kan Sudan a Oktoban 2017, ta kuma cire ta daga jerin ƙasashen da take zargi da tallafa wa ta'addanci a Disambar 2020. Duk da haka PayPal ba ya aiki a nan, bankunan waje kuma har yanzu suna ɗari-ɗari da mu, yaƙi ya ƙara dagula abin. Masu aikin waje da yawa sai ta hannun ɗan uwa da ke Saudiyya ko Masar suke karɓar haƙƙinsu. Mai talla da ke maganar albashin dala, a tambaye shi ta wace hanya ɗalibansa na cikin Sudan suke karɓa.

Gwajin wata uku

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da makarantun kuɗi ke koyarwa a watannin farko, kusan duka yana nan kyauta. Akwai freeCodeCamp, wanda aka fara a 2014, yana ɗaukar mutum daga HTML da CSS zuwa JavaScript. Akwai CS50 na Jami'ar Harvard, darussansa a buɗe suke ga kowa. Ga mai jin Larabci akwai Elzero Web School a YouTube, wani malami ɗan Masar ne ke koyarwa, yaranmu da yawa sun san shi. 'Yan uwanmu na Habasha, gwamnatinku ta buɗe shirin horar da mutum miliyan 5 kyauta a Yulin 2024 tare da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Masu dangi a Kano ko Sakkwato kuma sun ji labarin 3MTT, wanda gwamnatin Najeriya ta fara a 2023.

To ga gwajin. A samo wa yaro kwamfuta ta hannu mai lafiya, ko ta aro. Ya zaɓi hanya ɗaya tak, kada ya yi ta tsalle daga wannan malami zuwa wancan. Ya ba ta awa uku kullum har wata uku. A ƙarshe ya haɗa abu ɗaya mai amfani a gida. Misali, manhajar da za a rubuta kowace saniya, yaushe ta haihu, yaushe aka yi mata allura, ta wa ce a cikin gida. Ko wadda za ta lissafa ribar ardab na dawa bayan an cire lori da dako da haraji.

Baba, ba sai ka iya karatu ba kafin ka duba wannan jarrabawar. Ka ce ya nuna maka. Ka ba shi lissafin da ka riga ka san amsarsa a ka, ka ga ko na'urar za ta faɗi daidai. Sannan ka ce ya sauya wani abu a gabanka, ya ƙara gurbin awaki, ko ya juya lissafin zuwa bir. In shi ya haɗa, zai zauna ya yi, ko da zai ɗauki yini. In kwafowa ya yi, ko na'ura ce ta rubuta masa bai fahimta ba, a nan za ka gane. Ka kuma lura da halinsa a watannin nan. Sai an tashe shi, ko shi ke tashi? In abu ya ƙi, jefar da shi yake ko komawa yake? Kai da ka san yaron da zai iya kiwo tun yana bin maruƙa, ba za ka kasa gane wannan ba.

Wannan gwajin har da 'yan mata, iyaye. Da yawansu suna gida tun da makarantu suka tsaya, kuma sana'a ce da ake iya koyo a tsakar gida.

In ya ci gwajin fa?

A nan ne kwas na kuɗi zai iya yin amfani. Abin da ake saye a wurinsu shi ne malamin da zai duba aikin yaro ya gyara masa, da abokan karatu da za su ja shi, da tsari, da hanyar haɗuwa da masu ɗaukar aiki. Waɗannan suna da daraja. Sai dai kafin ka biya, ka yi tambayoyin nan, kada a yi cinikin biri a sama.

Mutum nawa suka fara zangon bara, nawa suka gama, nawa ke aikin manhaja yanzu? A ba ka lambar mutum uku da suka gama, ka kira su da kanka, zai fi kyau ma ka nemo na huɗu wanda ba su suka ba ka shi ba. Malamin ya taɓa yi wa wani kamfani aikin, ko shi ma bara ya gama kwas ɗin? Ɗalibi nawa ke hannun malami ɗaya? Ana biya wata-wata, ko sai an zube duka? In yaro ya bari a wata na biyu, me za a maido? Akwai ofis da za ka iya zuwa ka zauna, ko lambar WhatsApp ce kawai? Wanda ya ce aiki tabbas ne, ko ya ce rangwame zai ƙare gobe ka yi sauri, ka ja da baya. In an ce sai yaro ya samu aiki zai biya, a karanta takardar a gaban wanda ya san doka, domin bashi ne, sunansa kawai aka sauya.

Takardar shaida kuwa, kada ta ruɗe ka. Ni kaina shaidar aikin jarida gare ni, kuma ranar da na zo neman aiki, makirfo aka ajiye a gabana aka ce in karanta labarai a ji. Su ma haka ne. Mai ɗaukar aiki zai ce a nuna masa abin da aka haɗa, yawanci a wani dandali mai suna GitHub, sannan ya ba da matsala a warware a gabansa.

Kada kuma a manta da jami'a. Jami'ar Gadarif tana da tsangayar ilimin kwamfuta. Hanyar ta fi tsawo, amma tana ba da tushe na lissafi da tsarin bayanai wanda kwas ɗin gaggawa ke tsallakewa, kuma ma'aikatun gwamnati da bankuna da masu ba da bizar aiki a ƙasashen Larabawa galibi digiri suke tambaya. Yaron da makinsa ya kai, ya shiga jami'a ya haɗa da darussan kyauta da dare, ya fi wanda ya riƙe ɗaya kawai.

Ina aikin yake a nan kusa?

Idon yara yana kan dala, amma aikin farko yawanci a unguwa yake. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif tana cikin manya a ƙasar nan, riɗi da dawa na shiga suna fita, kuma lissafi da yawa har yanzu a littafi yake. Akwai kantunan magani da asibitoci masu zaman kansu da makarantu masu buƙatar a tsara musu rajista. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba tun zuwan 'yan gudun hijirar Tigray a ƙarshen 2020, da masu taimakon waɗanda yaƙi ya koro, suna ɗaukar masu tattara bayanai da suka iya Excel da KoboToolbox. Yaron da ke jin Hausa da Larabci, wataƙila da Fulatanci ko Amhariyanci, kuma ya iya tsara bayanai, yana da abin da injiniyan Turai ba shi da shi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kuɗin irin wannan aiki ba shi da yawa, kuma Alhaji ba zai biya kuɗin manhaja ba in littafinsa na yi masa aiki. Sai yaro ya nuna masa inda kuɗi ke zurarewa tukuna. Amma daga nan ake tara ayyukan da za a nuna wa na gaba, shekara biyu ko uku, kafin a fara maganar kamfanin waje.

To Baba na Shuwak, da duk mai irin tambayarsa, ga inda muka tsaya. In dole sai an sayar da wani abu, a fara da ɗan abin da zai sayi kwamfuta ta hannu da ƙaramin sola. Waɗannan kaya ne, in abin bai yiwu ba a sayar a rage asara, ko ƙannensa su gada. Kuɗin kwas in ya tafi ya tafi. Kada a taɓa saniya mai haihuwa, kada a ci bashi da sunan albashin da ba a gani ba. A ba yaro wata uku. In ya kawo maka manhajar garkenka tana aiki, kuma ya iya sauya ta a gabanka, to ka kira mu, mu sake zama a kan wace makaranta da nawa.

Wanda ɗansa ko 'yarsa ta taɓa yin irin wannan kwas, ya ji daɗi ko ya ƙone, muna son jin labarinsa a shirin mako mai zuwa, ba sai ya faɗi suna ba. Allah Ya yi wa zuri'a albarka, Ya tsare dukiya, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasa. Sai mun haɗu a daren Laraba, in Allah Ya kai mu.